Ta yaya mai hidima zai sami farin ciki a ƙarƙashin ikon Allah?

"Baba Fasto, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni mai bishara ne a wata ƙaramar ikilisiya a ƙauye, yamma da garin Gidar a arewacin Kamaru. Ba ni na zaɓi wurin ba, shugabanni ne suka turo ni bayan na gama makarantar Littafi Mai Tsarki. Yau shekara huɗu ke nan, mutane ba su ƙaru ba, dattawa sukan yanke shawara ba tare da sun tambaye ni ba, ɗan abin da ake ba ni kuma yakan yi wata biyu ko uku bai zo ba. Duk lokacin da na kai kuka sai a ce mini Allah ne mai iko, in yi biyayya. Na gaskata haka ne, amma maganar ta zame mini dutse a ka. Ina wa'azin farin ciki ranar Lahadi, zuciyata kuwa babu shi. Shin akwai farin ciki na gaskiya da manufa a hidima ƙarƙashin ikon Allah, ko kuwa haƙuri ne kawai har mutum ya mutu?"

Ɗana, Ubangiji ya ƙarfafa ka. Na karanta wasiƙarka da natsuwa, kuma abin da na fahimta shi ne ba ka shakkar ikon Allah, tun da ka faɗa da bakinka cewa ka gaskata. Abin da kake son sani shi ne ko wannan iko da aka ce ka rusuna masa yana da wani alheri a gare ka, ko kuwa sanda ce da ake ɗaga maka duk lokacin da ka buɗe baki. Masu bishara da katikis da fastoci da yawa, daga Ngaundare har Kusiri, suna ɗauke da wannan tambaya a zuci, tsoron a ce bangaskiyarsu ta yi rauni ne ya hana su furta ta. Na koyar a makarantar Littafi Mai Tsarki, na kuma yi aikin zagaya ikilisiyoyin ƙauye ina duba masu bishara, don haka zan amsa maka daga abin da Nassi ya koya da abin da idona ya gani.

Farin cikin yana nan, kuma tushensa shi ne mutum ya gane cewa ikon na Almasihu ne shi kaɗai, kai da dattawanka da shugabannin da suka turo ka duk riƙon amana kuke yi. Wanda ya gane haka ana sauke masa kaya biyu masu nauyi: kayan sakamakon aiki, da kayan neman girma a wurin mutane.

Mai aike da ɗan aike

A Matiyu 28:18-20, kafin Yesu ya ce wa almajiransa su tafi, sai da ya fara shaida musu cewa an ba shi dukan iko a sama da ƙasa, sa'an nan ya ce saboda haka su je su almajirtar da dukan al'ummai. Bai damƙa musu ikon ya juya baya ba, domin ya rufe maganar da alkawarin yana tare da su kullum har matuƙar zamani. Ka lura kuma da aya ta 17, wadda ba a cika karanta ta ba: a cikin mutum goma sha ɗayan da ke gabansa a kan dutsen Galili, akwai waɗanda suke shakka. Su ɗin ya aika. Aikin bai rataya ga ƙarfin zuciyarsu ba tun daga ranar farko.

Mu mutanen arewacin Kamaru mun san wannan tsari a zamanmu na yau da kullum. Idan lamido ya aiki dogari da saƙo wurin jauro, wato mai gari, mutanen ƙauye sukan miƙe su saurara ko da dogarin ƙaramin mutum ne marar ƙiba, saboda wanda ya aiko shi. In suka ƙi saƙon, lamido suka ƙi, kuma dogari zai koma ya faɗi yadda aka yi, ya kwanta ya yi barcinsa. Amma shi ma yana da iyaka, domin ba shi da damar ƙara ko kalma ɗaya a saƙon, balle ya ce an umarta a ba shi akuya. Hutu da iyaka tare suke zuwa. Jarumin Roma da ya zo wurin Yesu a Kafarnahum ya gane wannan sarai, shi ya sa da zai bayyana bangaskiyarsa ya fara da cewa shi ma mutum ne a ƙarƙashin iko, sa'an nan ya ambaci sojojin da ke ƙarƙashinsa (Matiyu 8:9).

A ganina, babban abin da ke cinye farin cikin matasa masu hidima shi ne sun ɗauki yawan mutane a majami'a a matsayin hukunci a kan kiransu. Ranar Lahadi ka buga ƙarfen da ke rataye a bishiyar darbejiya, ka tsaya a bakin ƙofa kana ƙirga masu shigowa, kowane benci da ya rage babu kowa sai ka ji kamar yana tuhumarka. Bulus ya raba aikin a fili a 1 Korantiyawa 3:6: shi ya shuka, Afolos ya yi ban ruwa, Allah ne ya sa ya yi girma. A Markus 4:26-29 Yesu ya ba da misalin manomi da ya yafa iri, yana barci yana tashi, irin yana tsiro ba tare da ya san ta yaya ba. Annabi Irmiya ya ce wa mutanen Yahuza shekara 23 ke nan yana yi musu magana ba su saurara ba (Irmiya 25:3), kuma babu mai cewa Irmiya bai cika aikinsa ba. Tarihin ƙasarmu ma haka ya nuna. Adolphus Gunderson da mutanensa daga Amurka sun fara aiki a Mbula, kusa da Meiganga, a 1923, 'yan mishan na ƙasar Norwe suka zauna a Ngaundare a 1925, amma ikilisiyar Lutheran da ta fito daga wannan aiki ba ta tsaya da sunanta ba sai a 1960. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi sharar gonar ba su ga girbin ba.

Ba ina ba ka hujjar naɗe hannu ba ne, domin za a tambaye ka shuka da ban ruwa, wato wa'azin da aka shirya da kyau, ziyarar marasa lafiya, koyar da yara, da addu'a. Sai dai kafin ka yanke cewa aikin bai ci gaba ba, ka buɗe littafin baftisma ka duba sunayen waɗanda suka shiga cikin shekarun nan, ka tambayi kanka ina suke yanzu. Ikilisiyoyin ƙauyukanmu kullum suna zubar da matasansu zuwa Garwa da Marwa da Yawunde da Duwala, wasu don makaranta, wasu don neman kuɗi. Sau da yawa na tarar da mai bishara yana kukan mutanensa ba su ƙaru ba, alhali yaran da ya koya wa Addu'ar Ubangiji su ne ke jagorancin mawaƙa a majami'un birni. Adadin da bai ragu ba a ƙauyen da ke rasa matasa kowace shekara shaida ce cewa ana shigowa.

Ko nasarar ma, in ta zo, Yesu bai yarda a kafa farin ciki a kanta ba. Da almajiran da ya aika biyu biyu suka dawo suna murna cewa har aljanu suna yi musu biyayya da sunansa, bai musa ba, amma ya ce su yi farin ciki domin an rubuta sunayensu a sama (Luka 10:17-20). Dalilin a bayyane yake. Farin cikin da ya dogara ga abin da ya faru ranar Lahadi zai hau ya sauka tare da kwandon baiko, wanda kuwa ya dogara ga cewa kai na Almasihu ne, babu majalisar da za ta ƙwace maka shi. Yahaya Maibaftisma, da aka kawo masa labari cewa jama'a sun bar shi suna bin Yesu, ya ce shi abokin ango ne, farin cikinsa ya cika da jin muryar ango (Yahaya 3:29-30). Ya faɗi haka ne a daidai lokacin da mutanensa suke raguwa.

Game da wa'azin farin ciki da zuciya marar daɗi, kada ka kira kanka munafuki. Saƙon gaskiya ne ko da mai kawo shi ya gaji, kuma Bulus kansa ya kwatanta masu hidima da masu baƙin ciki waɗanda kullum suke farin ciki (2 Korantiyawa 6:10). Amma ba dole ba ne kowace Lahadi ka yi wa'azi da murmushin dole. Zabura 13 da 42 da 88 suna cikin Littafi Mai Tsarki domin irin wannan lokaci, kuma manoman da ke zaune a gabanka, waɗanda suka san fari da bashin takin auduga, za su gane su fiye da yadda kake zato.

Idan aka ce maka "ka yi biyayya"

A nan zan yi magana a fili, domin abin yana damuna. Gaskiya ne Ibraniyawa 13:17 ta ce a yi biyayya ga shugabanni, amma ayar ba ta tsaya nan ba, ta ce su masu tsaron rayuka ne da za su ba da lissafi. Shugaban da ya karanta rabin farko ya bar na biyu ya ƙara wa saƙo abin da ba a aiko shi da shi ba. Yesu ya ce masu mulkin al'ummai sukan nuna wa mutanensu iko, amma kada ya zama haka a tsakanin almajiransa (Markus 10:42-45). Bitrus ya gargaɗi dattawa su yi kiwon garke ba da nuna sarauta ba (1 Bitrus 5:2-3). Bulus ya faɗa sau biyu a wasiƙa ɗaya cewa ikon da Ubangiji ya ba shi na ginawa ne, ba na rushewa ba (2 Korantiyawa 10:8 da 13:10), a farkon wasiƙar kuma ya ce shi ba mai mallakar bangaskiyarsu ba ne, abokin aiki ne domin farin cikinsu (1:24). Wannan ita ce manufar da kake tambaya: duk wani iko a cikin ikilisiya, babba ko ƙarami, an ba da shi ne domin wani ya ginu.

Saboda haka maganar kuɗinka ba rashin bangaskiya ba ce. Ubangiji ne ya umarta masu shelar bishara su ci daga bishara (1 Korantiyawa 9:14), ma'aikaci kuma ya cancanci ladansa (1 Timoti 5:18). A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka kawo ƙorafi cewa ana manta wasu gwauraye mata wajen rabon abinci, manzanni ba su ce a yi haƙuri ba, sun tara jama'a aka zaɓi mutum bakwai suka gyara lamarin. Shawarata ita ce ka rubuta takarda cikin ladabi zuwa ga faston gundumarku, ka sa watannin da ba a biya ba da adadin kuɗin, ba tare da zargin kowa ba, ka kai ta da hannunka tare da dattijo ɗaya mai mutunci. Sau da yawa za ka tarar asusun ne babu komai, domin baikon ƙauye yana bin girbi, bayan an sayar da auduga da gyaɗa akwai, a tsakiyar damina kuwa babu. In haka ne, sai a zauna a tsara yadda za a ajiye hatsi da kuɗi tun lokacin kaka. In kuwa wani ne ke riƙe abin da ba nasa ba, takardar za ta sa a bincika ba tare da ka ɗaga murya ba.

Ka bambanta abu biyu. Tura ka wurin da ba ka so, wannan ba zunubi ba ne, kuma a irin wannan biyayya ta wajaba, ko da da hawaye. Amma in aka ce ka yi ƙarya a rahoto, ko ka rufe cin amana, ko ka yi shiru a kan zaluntar marar ƙarfi, amsar manzanni a Ayyukan Manzanni 5:29 ita ce taka: wajibi ne a yi wa Allah biyayya fiye da mutane.

Dattawan kuma, kafin ka ɗauke su abokan gaba, ka dubi abin daga wajensu. Su suka haƙa ƙasar da aka gina majami'ar, a nan suka binne iyayensu, kuma sun ga masu bishara sun zo sun tafi, kowanne da sabon tsarinsa. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Takardar shaidar makaranta ba ta sayen amincewarsu. A ƙauyukanmu shawara takan nuna ne tun kafin a zauna taro, a gona ko a gindin bishiya da yamma, kuma wanda bai halarci waɗannan wuraren ba sai dai ya ji sakamako. Ka bi su ɗaya ɗaya, ka ɗauki fartanya ka taya su noma, ka nemi ra'ayinsu a kan abin da kake tunani tun bai zama shawara ba. In har yanzu da Fulatanci ko Faransanci kawai kake magana da su, ka dage ka koyi harshen gidansu, ko Gidar ne ko Daba ko Fali, domin dattijo yakan buɗe cikinsa ga wanda ya gaishe shi da harshen uwarsa.

Bari in ba ka labarin wani mai bishara da na taɓa dubawa. A ikilisiyarsa akwai wata gwauruwa da ta koma dafa bilbil, wato giyar dawa, tana sayarwa, dattawa kuma suka yanke a kira sunanta a gaban jama'a, a hana ta jibin Ubangiji. Shi bai ce abin da take yi daidai ne ba, ya dai roƙi a ba shi mako biyu. Ya je gidanta tare da matarsa, suka same ta tsugune a gaban manyan tukwane, hayaƙi ya sa idanunta sun yi ja, a kan tabarma kuma ga takardar makaranta da ke cewa za a kori yaranta in ba a biya kuɗi ba. Ba su yi mata wa'azi a ranar ba. Matarsa ta kai maganar ga ƙungiyar mata, kowace ta kawo kwanon gyaɗa, aka ara mata abin soya, ta fara yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa tana kaiwa kasuwar mako. Ba a rana ɗaya ta rabu da tukwanen ba, kuma akwai dattijon da har na bar wajen yana ganin an yi sassauci da yawa. Amma ranar da ta miƙa hannu ta karɓi gurasar jibi, mai bisharar ya ce mini a ranar ya san dalilin da ya sa aka turo shi ƙauyen. Ba shi da wata sarauta a wurin, ɗan ikon da ke hannunsa na roƙon mako biyu ne kawai, ya kuwa yi gini da shi.

Ko da ba Katolika muke ba, akwai abin koyi a rayuwar Simon Mpeke, wanda mutanen duwatsun Mandara suka sa wa suna Baba Simon. Yana cikin 'yan Kamaru takwas na farko da aka naɗa firistoci a 1935, yana riƙe da babbar ikilisiya a unguwar New-Bell ta Duwala, amma ya roƙi izini ya bar ta, ya zo arewa a 1959 ya zauna a Tokombere, yana hawan duwatsu ba takalmi, yana zama da mutanen da wasu ke raina su. Ya rasu a 1975, a 2023 kuma Fafaroma Francis ya amince da nagartar rayuwarsa. Wurin da ake ganin koma baya ne, shi ya nema da kansa, domin ya auna girman aiki da wanda ya aiko shi.

Gajiyar jiki da ta zuciya

Kalmominka na ƙarshe, "har mutum ya mutu", sun tsaya mini a rai, don haka ba zan wuce su ba. Iliya ya roƙi mutuwa a ƙarƙashin wani itace a jeji jim kaɗan bayan babbar nasararsa a Dutsen Karmel. Abin da Allah ya fara yi masa shi ne ya bar shi ya yi barci, ya ba shi abinci da ruwa har sau biyu, daga baya ya gaya masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma ba shi Elisha abokin aiki (1 Sarakuna 19). Mai iko duka ya fara da waina da tulun ruwa. Yetro ma ya gaya wa Musa cewa ɗaukar shari'ar jama'a shi kaɗai zai gajiyar da shi da su duka (Fitowa 18). Ka keɓe rana ɗaya a mako ta hutu, ka kula da gonarka ba tare da jin kunya ba, tun da Bulus ma ya ɗinka tantuna, ka kuma nemi mai bishara na ƙauyen kusa ku riƙa haɗuwa kuna addu'a kuna faɗa wa juna gaskiya. 'Yan'uwanmu na yankunan Mayo-Tsanaga da Mayo-Sava da ke kan iyakar Najeriya, waɗanda hare-haren Boko Haram suka watsa ikilisiyoyinsu tun daga 2014, sun koya mana cewa mai hidimar da ya keɓe kansa shi ne ke fara karyewa. In kuwa ka ga makonni suna wucewa ba barci, abinci ba ya shiga, ko tunanin mutuwa yana yawan zuwa maka, ka gaya wa matarka da fastonka, ka kuma je asibiti. Wannan ciwo ne da ake magani, kuma ya wuce abin da wasiƙa za ta iya yi.

Gefe ɗaya na ji, naka, ban zauna da dattawanka ko shugabanninka ba, don haka ba zan yanke maka ko ka zauna ko ka nemi canjin wuri ba. Neman canji ba tawaye ba ne, muddin ka bi ta hannun waɗanda suka turo ka, ka kuma yarda da amsarsu. Sai dai kada ka yanke shawarar a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, jiki ya gaji, komai yake kama da baƙi. Ka kai takardar kuɗin yanzu, ka fara bin dattawan gonakinsu, ka duba littafin baftismar. Bayan kaka, ka zauna da matarka ka ji nata ra'ayin har ƙarshe, domin ita ma tana ɗauke da wannan kaya, sa'an nan ku je wurin faston gunduma tare, ku shimfiɗa masa duk abin da kuka gani.